Daga Funtuwa Zuwa Malumfashi: Barewar Da Ta Ɓace Da Majinyacin Da Ba Ya Barci

Da hantsi na bar Zariya ranar wata Asabar ta watan Oktoba, bayan an bugo mini waya cewa jikin Kawu ya yi tsanani. Lokacin kaka ne, kuma duk wanda ya san hanyar Funtuwa a irin wannan lokaci ya san kamanninta: an shanya masara a gefen kwalta, an tattara waken suya ana jiran injin casa, dawa kuwa ta sunkuyar da kai tana dakon hunturu. Daga Giwa har ka shiga Funtuwa, da wuya idonka ya sauka a kan filin da garma ba ta bi ta kansa ba.

Funtuwa gari ne da auduga da jirgin ƙasa suka raina. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa gidan gurza, jama'a suka yi ta kwararowa. Ban tsaya ba sai don shan mai. Na ɗauki hanyar Bakori, kafin in kai Malumfashi na saki kwalta na bi burji zuwa ƙauyen da aka haifi mahaifiyata.

Kawu maharbi ne, shekarunsa sun haura 80. Muna yara idan mun zo hutu, shi ke ba mu labarin dajin da a yau ya zama gonakin da na ratso. A cewarsa, har barewa kan shigo gonar wake da asuba ta yi ɓarna, gada kuwa ba a ma ɗaukarta abin labari, sai wanda ya kayar da gwanki ne ake yi wa kirari. Kuma farautar tana da ƙa'ida. Sai an kawar da amfanin gona ake fita, sai Sarkin Baka ya ba da izini, macen da ke tafe da ɗa kuwa ba a ɗaga mata baka. Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji, waye bai san karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba? Kowa ya sani. Waye ya taɓa ganin barewa a daji da idonsa? Babu hannun da ya ɗagu.

Na same shi kwance a kan katifa a ɗakin da ke kusa da zaure, ya rame har na so in kasa gane shi.

“Sannu Kawu, ya jikin?”

“Da sauƙi, ɗan nan. Ka zo lafiya? Ya hanya?”

Da sauƙi, amsar kowane majinyacin Bahaushe ke nan. Sai da na keɓe da babban ɗansa na ji gaskiyar magana. Ciwon daji ne, ya kai ga ƙashi. An kai shi wani asibiti, an sayar da buhun masara 12 da bijimi guda, daga ƙarshe aka ce su koma gida su ci gaba da addu'a. Ba wanda ya faɗa musu cewa ko ciwo ya fi ƙarfin waraka, zoginsa bai fi ƙarfin magani ba. Da rana yana daurewa saboda masu zuwa dubiya. Da dare kuwa, mutumin da ya sha kwana shi kaɗai a dokar daji, shi ne ke nishi har maƙwabta na ji.

Ina zaune a bakin katifar nan sai zuciyata ta tafi Sikotland, yankin arewacin Birtaniya inda na yi karatun digirina na uku, wanda har yau nake bibiyar labarinsa. A shekarar 2025 majalisar dokokinsu mai wakilai 129 ta riƙa tafka muhawara a kan wasu ƙudurori biyu da za su ba mutumin Bakori mamaki. Na farko, wanda Liam McArthur ya gabatar, yana neman a halatta wa baligin da ciwon ajali ya kama, yana cikin hankalinsa, ya nemi likita ya ba shi abin da zai kawo ƙarshen rayuwarsa. Ranar 13 ga Mayu ya tsallake matakin farko da ƙuri'a 70, masu adawa 56. Na biyu ƙudurin kare muhalli ne, wanda wani sashensa ya shafi wata dabba dangin barewa mai ƙaho reshe-reshe. Su matsalarsu yawa ce: an daɗe da ƙarar da kyarketan da ke cin ta, har aka ƙiyasta yawanta ya kai wajen miliyan 1, tana cinye tsiron itatuwa, tana jawo haɗari a kan hanya. Kwamitin ƙwararrun da gwamnati ta kafa ya fito da shawarwari 99 a farkon 2020, shekara biyar bayan nan wasunsu suka iso zauren majalisa.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba na fatan ganin ƙuduri na farko a ƙasarmu. Rai amana ne, Mai shi ne kaɗai ke karɓar abinSa, kuma a kan wannan masallaci da coci bakinsu ɗaya a Katsina. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ta ɗauki taimaka wa mutum ya kashe kansa a matsayin babban laifi. Kawu da kansa, da wani zai kawo masa wannan magana, da sandarsa zai laluba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka bi maganar. Kwamitin lafiya na majalisar ya buɗe ƙofa, dubban mutane suka aiko da ra'ayi, aka kira likitoci da malaman addini da masu buƙata ta musamman da iyalan mamata, aka yi musu tambayoyi a bainar jama'a. Masu adawa suka kafe cewa kafin a yi zancen taimaka wa mutum ya mutu, a fara tabbatar da cewa kowane majinyaci yana samun kulawar da ke rage raɗaɗi. Ta haka muhawarar mutuwa ta tilasta musu lissafin gadaje da ma'aikatan jinya da magunguna. Mu kuwa mun ce haramun ne, kuma gaskiya muka faɗa, sai dai mun tashi daga zaman kamar an gama magana. Alhali hana mutum gaggauta ajalinsa yana ɗora mana nauyin sauƙaƙa masa jiran ajalin.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Mofin yana cikin jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya, ba shi da tsada, kuma a wasu ƙasashen Afirka, musamman Yuganda, ana haɗa shi da ruwa a kai wa majinyaci har gida. Wani kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun fiye da kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna. Abin takaicin shi ne, matashin da ke neman taramol don maye ya fi dattijon da ƙashinsa ke ruɓewa sanin inda zai samu biyan buƙata. Da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 an yi daidai, amma tsoron 'yan ƙwaya bai kamata ya zama hukunci a kan marasa lafiya ba.

Batun dajin ma haka yake. Dokoki muna da su: ta namun daji ta Jihar Arewa tun 1963, da ta tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke gab da ƙarewa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga darajar gandun daji 10 zuwa na ƙasa, har da dajin Kogo da ke kudu maso yammacin jiharmu. A cikin watan Disamban shekarar ne kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara suka nausa da su daji. Wani zai ce, wanda ake sace wa 'ya'ya ina shi ina ƙirgen barewa? Maganarsa tana da nauyi. Amma dajin da ma'aikacin gandu ya daina shiga, maharbi ya daina kwana, hukuma ta daina lissafawa, ai ba ya zama babu kowa. Barewa ce ta fara fita, sannan hukuma, sannan waɗanda muka sani suka shiga.

Kuma ba a ce ƙirge baƙon abu ne a wannan ƙasa ba. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi shekaru suna bin ƙauyukan Malumfashi gida-gida, suna rubuta haihuwa da mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da wakilai 34. Me zai hana kwamitinta na lafiya ya yi zaman yini guda a Malumfashi ko Funtuwa, ya tambayi asibitoci nawa ne ke da mofin da ma'aikacin da ya iya ba da shi, ya saurari matan da ke kwana a zaune suna jinya? Me zai hana na muhalli ya kira ragowar tsofaffin maharba tun suna raye? Na tambayi Kawu ko wani jami'i ya taɓa neman jin abin da ya sani game da daji. Ya yi murmushi, ya ce an dai taɓa zuwa karɓar kuɗin lasin bindiga.

Ana kiran la'asar ya ce in tashi, kada duhu ya same ni a hanya. Ya sa aka ciro wani ƙahon barewa da ke rataye a bango, ya ce in kai wa ɗalibaina su gani. Sai da na yi kwana 9 ina bin wani abokina likita a birni kafin a samu maganin bisa ƙa'ida, aka kai masa tare da ma'aikacin jinyar da zai nuna yadda ake ba shi. Ɗansa ya bugo mini ya ce a daren nan Kawu ya yi barci har asuba, kuma da ya farka ya nemi koko. Bayan mako biyu Allah Ya yi masa rasuwa, ranar wata Alhamis, ana tsakar yankan dawa.