Watannin da Babu Baƙi

Idan ka taɓa zuwa wurinmu, na tabbata a watan Disamba ka zo. Ka tarar da ciyawa a datse, ɗakuna a share, hayaƙin gashin kifi yana tashi, yara kuma sun yi layi a bakin ruwa suna jiran shiga kwale-kwale. Yau ina so in kai ka wurin a watan Agusta, sa'ad da babu kowa sai mu huɗu da kukan kwaɗi, gama akwai maganar da na daɗe da ita a zuciya, ba kuwa za ka gane ta ba sai ka ga yadda damina take a gidan saukar baƙi.

Masaukinmu ƙarami ne. Ɗakuna 8 ne, da rumfar taro, da kicin, da kwale-kwale biyu, da gadar katako wadda ta shiga cikin ruwa kamar taku ashirin. Yana kudu da Jos, wajen Bukuru. Baƙi suna ce da ruwan tafki, amma tsofaffin unguwa har yau ramin kuza suke kiransa. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suka riƙa haƙar kuza a ƙasar nan, da farko da diga da kwanon lebura, daga baya da manyan injuna. Aikin ya riga ya ja baya kafin kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, ramukan da aka bari kuwa ruwa ya cika su. Mahaifina ya yi leburanci a irin waɗannan ramuka. Yakan ce mana tafkin da ya samu da kansa yana yi wa mutum gargaɗi, ya kama ka a idon sawu, ya kama ka a gwiwa, kafin ya kai ƙugu, amma wanda aka haƙa da inji ba ya gargaɗi. A ƙarshen gadarmu, gora mafi tsawo da muke da ita ba ta taɓa ƙasa. Ga kuma sanyi, domin tudun Jos ya haura mita 1,200 daga bakin teku, a lokacin hunturu ruwan nan yakan sandarar da hannun ƙato.

Shekararmu kashi biyu ce. Daga Disamba zuwa Ista ba mu da lokacin zama: zumuntar mata, matasa, ƙungiyoyin mawaƙa, sababbin ma'aurata, da iyalai masu zuwa hutun Kirsimeti ko na Salla. Da zarar ruwan sama ya kankama, hanya ta yi taɓo, sai ƙafa ta ɗauke. Akan yi mako uku ba a rubuta suna ko ɗaya a littafin baƙi ba.

Kada ka ɗauka hutu muke yi. Ɗakin da ba a kwana a cikinsa ya fi wanda ake kwana saurin lalacewa. Kowace safiya nakan ɗauki makullai in bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, in buɗe tagogi, in jingine katifu a bango domin kada su yi funfuna, in ɗaga kai in duba silin. Inda na ga tabon ruwa sai in sa alama da alli, in jira ranar da kwano ya bushe in hau da ƙusa da kwalta. Ana buɗe kowane famfo ya zuba na ɗan lokaci saboda tsatsa. Ana tayar da janareta sau ɗaya a mako ko da ba a bukatarsa, in ba haka ba ranar bukata zai ƙi tashi. Idan rana ta leƙo, mu huɗu mukan kwashi katifu da barguna a guje mu baza, bayan rabin sa'a hadari ya haɗo mu sake kwashewa a guje. Gara ba ta barci, ciyawa kuwa ka sare ta ranar Litinin, ranar Asabar ta yi maka sallama. Ga magudanan ruwa, waɗanda dole a yashe su bayan kowane ruwa mai ƙarfi, gama ƙasar da muka yi gini a kanta tulin ƙasar da aka haƙo ce daga ramin, ba ta da ƙwari, in ka yi sakaci sai ka wayi gari rabin farfajiya ya gangara cikin tafki.

Da yamma matata takan zauna a rumfa da allura da zare mai kauri tana bin rigunan ruwa ɗaya-ɗaya, irin waɗanda ake sa wa mai shiga kwale-kwale domin kada ya nutse. Takan ja kowace igiya da ƙarfinta duka, wadda ta saki ta ɗinke ta. Ita ce kuma mai riƙe da littafin kuɗi, aikin da ya fi duka nauyi, gama abin da muka samu cikin wata huɗu shi zai ciyar da wata goma sha biyu, ya biya albashin saurayin da ke taimakonmu da na Baba.

Baba shi ne mai tuƙa kwale-kwale. Mutumin bakin Binuwai ne, ya yi su tun yana yaro, ya girme ni da shekaru masu yawa. A gaban baƙi yakan ce mini Maigida, idan mu biyu ne sai ya ce ɗana. Shi ya koya mini halin katako a bakin ruwa. Wanda yake cikin ruwa kullum yakan daɗe, wanda yake a bushe kullum ma haka, amma wanda yau ya jiƙe gobe ya bushe, shi ne ke ruɓewa. Tafkinmu kuwa yana cika da damina, da rani ya ja baya sa'ad da masu noman dankalin Turawa da kabeji da karas suka kafa injunan ban-ruwa. Ruɓar kuma daga ƙasa take farawa, wajen ramin ƙusa, saman katakon yana nan sumul domin rana tana busar da shi. Saboda haka duk Oktoba, in ruwan sama ya ɗauke, Baba yakan kwanta rigingine a cikin kwale-kwale, ni in tura shi a hankali ƙarƙashin gada, yana ƙwanƙwasa kowane katako da guduma yana saurare. Lafiyayye yakan amsa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar an bugi kabewa.

Ga maganar da na ce zan faɗa maka. Wata shekara damina ta yi mana tsanani, ƙanƙara ta huda rufin ɗakuna biyu, kuɗi suka tafi can. Da Oktoba ta zo, Baba ya fito daga ƙarƙashin gada ya ce, "Ɗana, katako uku na wajen ƙarshe sun mutu, da wanda ke ɗauke da su." Abin da ya rage a hannunmu zai isa katako da kuɗin kafinta, ko kuwa ya isa fentin gidan duka, ba zai isa biyun ba. Na tsaya na dubi bangon ɗakuna duk sun yi gansakuka, na tuna cewa baƙo da ido yake fara biyan kuɗi. Na hau gadar na yi tsalle a kan katakon nan uku, ba su motsa ba. Na ce wa Baba za su kai mu Ista. Ya dube ni ya ce, "To, Maigida." Mu biyu ne kaɗai a wurin, amma Maigida ya ce. Na sayi fenti, har na shafa wa gadar ragowar, ta fito fes.

Kwana biyu bayan Kirsimeti wata ikilisiya ta kawo yaran makarantar Lahadi. Baba yana da doka tasa wadda ni ban kafa ba: yaro ba ya taka gada sai da rigar ruwa a jikinsa, ko da ba zai shiga kwale-kwale ba. A shekarar nan na lura ya ƙara tsanantawa, har wata malama ta yi gunaguni cewa tsohon nan yana ɓata musu lokaci. Yara suka taru a ƙarshen gada domin a ɗauke su hoto. Ina kicin na ji ƙarar, ba wata babbar ƙara ba ce, kamar an karya rake. Kafin in iso, wata yarinya mai kimanin shekara tara tana cikin ruwa, rigar ta ɗago ta, Baba kuma ya riga ya cafke igiyar kafaɗarta yana jawo ta cikin kwale-kwale. Igiyar ba ta tsinke ba. Ta sha ruwa kaɗan, ƙusa ta yanke ta a ƙauri, tana rawar sanyi, amma da ranta.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Uwar yarinyar ta durƙusa tana yi mini godiya saboda rigunan. Kafin su tafi, fastonsu ya tara yaran a rumfa ya yi addu'ar godiya, ya sa mini albarka da sunan amintaccen mai masauki. Kowa ya ce amin, ni ma na ce. Baba yana tsaye can gefe yana naɗe igiya, bai ɗaga kai ba.

Wataƙila za ka ce ai ba a rasa rai ba, katako kuma yakan karye ko a gidan wa. Haka na riƙa gaya wa kaina har mako uku. Na rufe gadar, na ci bashi na gyara ta, na ce magana ta ƙare. Amma ban iya cin abinci da daɗi ba, gama na karɓi godiyar da ta matata ce da ta Baba, laifin da yake nawa kuwa na bar shi a kan tsautsayi. Matata ce ta gaji da juye-juyena da dare, ta ce, "Baban yara, ka san gidansu."

Na tafi. Na zauna a gaban uban yarinyar na faɗa masa duka, har da tsallen da na yi a kan katakon, har da fentin. Ya yi shiru mai tsawo. Bai rungume ni ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Ya ce ya ji, ya gode da na zo, amma in ba shi lokaci. Yarinyar ta kawo mini ruwa, na ga tabon a ƙafarta. Ikilisiyarsu ba ta sake zuwa wurinmu ba sai bayan shekara biyu, ranar da suka zo kuwa uban da kansa ya nemi a tura shi ƙarƙashin gada da guduma a hannu. Baba ya tura shi.

Yanzu da nake rubuta maka wannan, ruwa yana zuba tun daren jiya. Katakon bana mun saye shi tun Mayu, kafin a taɓa ko kwabo domin wani abu, yana jingine a ɗaki na takwas muna shafa masa baƙin mai. Bangon ɗakuna shekara uku ke nan bai ga fenti ba, idan ka zo a Disamba za ka lura, wataƙila ka ji warin man a bakin gada. Idan kuwa da yara za ku zo, a sanar da mu yawansu tun Nuwamba, domin rigunan yara 14 kaɗai muke da su, Baba kuma ba zai bar na goma sha biyar ya taka katako ba.