Rajinder Goel: Gwanin da Ba a Zaɓa Ba

A wannan makon zan ba ku labarin wani ɗan wasan kurket na ƙasar Indiya mai suna Rajinder Goel. Na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani, don haka bari in fara bayanin wasan a taƙaice.

A kurket kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mai bugu ya tsaya a gabansu riƙe da faffaɗan katako yana kare su. Mai jifa kuma ya jefo ƙwallo daga nisan yadi 22. Idan ƙwallon ta bugi sandunan, ko aka cafe ta a sama bayan an buge ta, to mai bugu ya fita, sai wani ya shigo. Masu jifa iri biyu ne. Wasu da gudu da ƙarfi suke jifa. Wasu kuwa a hankali suke jifa, amma suna murza ƙwallon da yatsu, ta yadda idan ta taɓa ƙasa sai ta karkace ta bi inda mai bugu bai zata ba. Goel yana cikin masu murzawa, kuma da hannun hagu yake jifa.

An haife shi a shekarar 1942 a garin Narwana da ke arewacin Indiya. Yana ɗan shekara 16 ya fara buga gasar Kofin Ranji, wadda ita ce babbar gasar cikin gida ta ƙasar. Ya buga wa Patiala da Delhi, daga baya ya koma jiharsa ta Haryana. Bai daina wasa ba sai a 1985, lokacin ya haura shekara 40. A wannan gasa kaɗai ya fitar da masu bugu sau 637, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. Idan aka haɗa duk manyan wasanninsa guda 157, adadin ya kai 750.

To ga abin mamakin. Duk da wannan bajinta, Goel bai taɓa buga wa Indiya babban wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar ba, wanda ake kira Test. Dalili shi ne a zamaninsa akwai wani gwani mai suna Bishan Singh Bedi. Shi ma bahago ne, shi ma murza ƙwallo yake yi. Masu zaɓe suna ganin mutum ɗaya mai irin wannan jifa ya ishi ƙungiya, don haka kullum Bedi ake ɗauka. Bedi ya buga wasa 67, ya fitar da masu bugu 266, ya kuma zama kyaftin ɗin ƙasa.

A shekarar 1974 dama ta zo. An dakatar da Bedi daga wasan farko da Indiya za ta yi da ƙungiyar West Indies a birnin Bangalore, sai aka kira Goel. Ya je ya shiga sansani, ya yi atisaye tare da sauran. Da aka zo fitar da sunayen mutum 11 da za su shiga fili, babu sunansa. A wasa na gaba Bedi ya dawo. Shi ke nan, ba a sake kiran Goel ba.

Wannan wurin ne ya fi taɓa min zuciya, domin na ɗanɗana irinsa ko da ƙarami ne. A zangon da ya wuce mun yi mako uku muna shirin gasar kacici-kacici. Ana gobe za a tafi aka ce mutum uku kawai ake buƙata, ni ce ta huɗu. Na yi kwana biyu ko littafin ba na son gani. Ni gasa ɗaya ce ta wuce ni. Shi kuwa burin rayuwarsa ne ya kuɓuce masa yana ɗan shekara 32. Amma ya koma Haryana ya ci gaba da jifa har shekara goma bayan haka, a filayen da ba su cika tara jama'a ba.

Kuma mutane suna lura da shi. Sunil Gavaskar, ɗaya daga cikin manyan masu bugu da Indiya ta taɓa yi, ya saka shi cikin gwanayen da ya rubuta labarinsu a littafinsa mai suna Idols. Wani ɗan fashi da ke tsare a kurkukun Gwalior ma ya rubuto masa wasiƙa yana taya shi murnar wuce 600 a gasar Ranji. A 2017 hukumar kurket ta Indiya ta ba shi lambar yabo ta C. K. Nayudu, wadda ake ba wanda ya yi wa wasan hidima tsawon rayuwarsa. Ya rasu a watan Yuni na 2020 a garin Rohtak yana da shekara 77.

Tambayar da na yi wa kaina ita ce: shin Goel ya yi asarar rayuwarsa ne? Ni dai a ganina bai yi ba. Zaɓe a hannun wasu yake, kuma guraben ba su da yawa. Ƙwarewa kuwa a hannunsa take, ya kuma riƙe ta da kyau. Bedi bai cuce shi ba, zamani ne ya haɗa gwanaye biyu a kan kujera ɗaya.

A makarantarmu ma haka abin yake. Mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya a aji, mutum ɗaya ne zai zama shugaban ɗalibai, mutum 11 ne za su shiga fili. Ina roƙon malamanmu su riƙa tunawa da na huɗu da na goma sha biyu, ko da kalmar sannu ce. Ku kuma 'yan'uwana da ba a kira sunanku ba, kada ku ajiye littafi ko takalmin wasa. Ni dai na riga na ba da sunana don gasar zango mai zuwa.

Daga 'yar'uwarku,
'Yar aji biyu na ƙaramar sakandare, mamba a Ƙungiyar 'Yan Jarida.