Laifin hannu ne, ko na bindiga?

Wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin lissafin kuɗi, wanda zama ya riƙe a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Bayan da ya yi ritaya sai ya shiga wata ƙungiya ta masu wasan harbi. A can ne ya koyi riƙon ƙaramar bindigar iska, irin wadda aka shigar cikin wasannin Olimpik tun shekarar 1988 a birnin Seyul. Babu albarushi a cikinta, iska ce da aka matse take tura ƴar dalma mai faɗin milimita 4,5 zuwa ga takardar bara da ke nesan mita 10. Da'irar tsakiya, mai maki goma, faɗinta milimita 11,5 ne kacal.

Shekara biyar yana ci gaba, sai al'amari ya juya. Ya saita yadda ya saba, ya danna kunama a hankali, amma dalma ta faɗa ƙasa da inda ya nufa. Ta gaba ta hau daidai, ta bayanta ta sake sauka. Bai tuhumi bindiga ba ko sau ɗaya. Kansa ya tuhuma. Da dare yakan miƙa hannu gaban fitila yana duba ko ya soma rawa, don ya tuna yadda mahaifinsa ya kasa riƙe kofin shayi a ƙarshen rayuwarsa. Har ya shaida wa maiɗakinsa cewa zai sayar da bindigar, tsufa ya zo. Ita kuwa ta ce: "Malam, kai da ka yi shekara talatin ba ka sa hannu kan takarda sai ka sake lissafi, yau za ka yanke wa kanka hukunci ba awo?"

Ranar Asabar ya nemi na'urar awon gudu ta ƙungiyar, ya ɗauko littafi da alƙalami kamar zamanin aiki. Irin wannan bindiga takan tura dalma wajen mita 150 a daƙiƙa, kuma mai lafiya ba ta bambanta sai da kaɗan. Harbi ashirin ya rubuta: 149, 150, 138, 148, 131. Lissafi aikinsa ne. Dalma mai gudun 150 takan sauka kimanin santimita 2,2 kafin ta kai bara, mai gudun 130 kuwa 2,9. Milimita bakwai ke nan, abin da ya isa ya fid da harbi daga goma zuwa tara.

Daga nan ya bi sababai ɗaya bayan ɗaya, daga mai arha zuwa mai tsada. Ya fara da kwalbar iska, wadda ake cikawa zuwa ma'aunin bar 200. Tsakaninta da bakin bindiga akwai wani ɗan ƙarfe mai daidaita iska, shi ke auna wa kowane harbi rabonsa. In iskar kwalba ta yi ƙasa da abin da yake buƙata, dole gudu ya ragu. Ya cika ta, bai sake zane ba. Ya duba shekarar da aka buga a jikinta, tunda dokar gasa ba ta yarda da wadda ta wuce shekara goma ba, da saura. Ya buɗe sabon gwangwanin dalma, ya ware masu lanƙwasasshen gindi. Ya share cikin bututu. Duk dai haka.

Wani tsohon ɗan ƙungiyar ne ya nuna masa dabara ta ƙarshe. Ya ɗora ƴar siririyar takarda bisa wurin da ake ɗura dalma, ya ce ya harba. Takarda ta yi tsalle. Ashe zoben roba da ke toshe wurin ya bushe ya tsage, iska tana sulalewa, wani lokaci kaɗan, wani lokaci da yawa. Mutumin ya gargaɗe shi da abu biyu: kada ya kuskura ya kwance mai daidaita iska da kansa, aikin gwani ne, kada kuma ya shafa man inji, don yana iya kamawa da wuta cikin matsattsiyar iska. Man silikon kaɗai ya dace.

Zoben bai kai kuɗin kofin gahawa ba. Da aka sa sabo, harbi ashirin suka tsaya tsakanin 149 da 151.

Sai dai takardar bara ba ta wanke shi sarai ba. Faɗuwar nan ta ƙasa ta ɓace, amma ramuka uku sun kauce hagu, kuma iska ba ta da hannu a ciki: yatsansa ne ke fizgar kunama. Ya daɗe yana kallonsu. Sa'annan ya buɗe littafinsa, ya ja layi ƙarƙashin shafin bindiga, ya soma sabo da sunansa a kai.