Salatif Huɗu a Bayan Sholay

Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana sayar da tikiti a wata silima a Kano, kuma abin da ya bar mana daga wannan aiki bai wuce akwatin ƙarfe guda ba. Ni ban ma san abin da ke ciki ba sai bara, da Umma ta sa ni fitar da kayan ɗakin ajiya saboda gara. Fostocin finafinan Indiya ne, sun kai arba'in, kowace a ninke, suna warin tsohuwar takarda. Wasu sun ruɓe. Amma akwai ta Disco Dancer, akwai ta Sholay, fim ɗin 1975, da Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda su Baba ke kira Sarkin Ƙarfi.

Umma cewa ta yi a ba mai ƙosai ta riƙa naɗe kaya. Ni kuwa lokacin saura mako biyu a rufe rijistar zangon karatu, aljihuna kuma ko na abinci babu. Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa gaban allon sanarwa yana lissafin kwanaki ya san irin tunanin da ke zuwa wa mutum a wannan hali.

Na ɗauki hoton ta Sholay na sa a wani zaure na masoya tsofaffin finafinai a Facebook. Kafin la'asar wani Alhaji daga Abuja ya yi mini magana. Ya ce shi a Orion ya kalli fim ɗin yana yaro, har sau uku, kuma yana tara irin waɗannan fostoci. Muka daidaita a naira dubu sittin. Ya tambaye ni, "Lafiyarta ƙalau dai ko?" Na ce, "Ƙalau, Alhaji, sai dai alamar ninki."

Ba ƙarya na yi ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Amma a bayan fostar akwai salatif guda huɗu da Baba ya liƙa inda ta yage a mahaɗar ninki. Na gan su. Na juya ta, na ɗauki gaba, na zaɓi inda haske ba zai nuna tabon ba. Alat na shigowa na ruga na biya rijista, na kai fostar tasha na ba direba, na kwana da murna.

Kwana biyu bayan nan, ina tsakiyar lacca, saƙonni suka fara shigowa. Hotuna ne, an ɗauke su kusa-kusa. Sai murya: "Malam, wannan ba abin da muka yi da kai ba ne. Ka dawo mini da kuɗina."

Na fita waje na kira shi da zafina. Na ce takardar da ta haura shekara arba'in ai dole ta tsufa, wa ya taɓa ganin tsoho ba tamoji? Shi kuwa bai ɗaga murya ba, kuma wallahi wannan ya fi ba ni haushi. Ya ce ninki ba aibi ba ne. A da, a ninke ake aika fostoci gidajen silima, har a Amurka sai wajen tsakiyar shekarun 1980 aka koma naɗe su, don haka mai tara fosta idan ya ga tsohuwa sumul babu layi ko ɗaya, zargi ma yake yi. Ramin ƙusa a kusurwa shi ma yana yafewa, shaida ce cewa ta taɓa hawa bango. Salatif ne matsalar. Gam ɗinsa yana ratsa takarda, ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ke fitowa ta gaba, kuma duk shekara ƙaruwa yake yi. Ya ce da na faɗa masa, da zai saya, amma ba a wannan kuɗin ba.

Na ce masa ni ba na karɓar kaya idan sun fita. Ban san inda na samo wannan doka ba, wataƙila a rasiɗin 'yan kasuwar waya. Wani abokina da ke karanta harkar kasuwanci ya yi mini dariya a hostal. Ya ce ko a eBay, inda ake cinikin irin waɗannan fostoci sosai, mai sayarwa yana iya rubuta cewa ba ya karɓar kaya, amma da zarar mai saye ya nuna abin bai yi daidai da bayanin da aka yi ba, sai an mayar masa da kuɗinsa, kuɗin aikowa ma a kan mai sayarwa yake. Ya ce a nan gida ma dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kayan da bai gani da idonsa ba kafin ya saya, idan suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Umma ba ta san eBay ba. Da na ba ta labari a waya, tambaya ɗaya ta yi: "Ka ga yagewar kafin ka aika?" Na yi shiru. Ta ce, "To."

Na amince zan mayar. A nan ne kuma rigima ta biyu ta tashi, wadda ta fi ta farko wuya. Wa zai fara sakin nasa? Shi ya ce ba zai aiko da fosta ba sai ya ga alat, tunda na riga na ɓoye masa abu sau ɗaya. Ni kuma tsorona kada in tura kuɗi ya riƙe duka biyun, ko ya aiko mini da bugun kwamfuta ya ajiye ta asali. Tsakaninmu babu kowa: ba rasiɗi, ba shaida, sai hirar WhatsApp da lambar direba. Ga shi kuɗin ma babu su, suna asusun makaranta.

Yayan wannan abokin nawa da ke aiki a Abuja shi ya raba gardama. Ya je gidan Alhaji, muka yi kiran bidiyo, aka juya fostar na ga salatif ɗin Baba da wani rubutu na biro da ya yi a gefe. Ita ce. Ya karɓa ya riƙe amana. Na sayar da ta Disco Dancer da wasu biyu a arha, wannan karon da hoton gaba da baya da kowace kusurwa, na ranci dubu goma sha biyar, na haɗa sittin na tura. Kuɗin mota na dawowa ni na biya.

Abin da har yau nake jin ciwonsa shi ne dawowar. Ni na aika ta tsakanin kwali biyu, cikin leda. Ta dawo a ambulan kawai, direba ya tura ta ƙarƙashin kujera, aka kuma yi ruwa a hanyar Kaduna. Gefe ɗaya ya jiƙe, launin fuskar Gabbar Singh ya zube. Na tura wa Alhaji hoto. Ya ce lafiya ta bar hannunsa. Yayan abokina ya ce lafiya ya ba direba. Direba ya ce shi takarda aka ba shi, ba a ce masa zinare ba ce. Kowa da gaskiyarsa, kuma ni da na fara ɓoye salatif ba ni da bakin da zan ɗaga murya.

Bayan mako guda Alhaji ya turo mini dubu biyar, ya ce in rage asara. Ya kuma tambaya ko akwai sauran na Sarkin Ƙarfi a akwatin. Akwai guda biyu. Na ɗauki hotuna goma sha huɗu na kowace, har da inda gara ta ɗan taɓa, na tura masa. Ya gani, alamar ta yi shuɗi, bai ce komai ba tukuna.

Ta Sholay na shanya ta a ɗakin Umma ta bushe, na mayar da ita ƙasan akwati. Abokina kuma har yanzu yana bi na dubu goma, kuma ya ce kafin jarrabawa yake son abinsa.