Daga Rigasa zuwa da'irar jifan dalma

Jirgin ƙasa na safe muka bi daga Rigasa zuwa Abuja, ni da 'yar yayata wadda ke yi wa kwalejinsu jifan dalma. A jakarta akwai dunƙulen ƙarfe mai kilo 4, nauyin da mata ke jefawa. Na maza kilo 7.26 ne. Damuwarta guda ce: idan ta tsaya cik ta jefa, da idan ta zamo daga bayan da'ira ta jefa, kusan wuri ɗaya ƙarfen ke faɗuwa. Wani tsohon koci ya ce a kawo ta ya gani da idonsa.

Mun sauka a tashar Idu rana ta ɗaga, muka ɗauki tasi zuwa babban filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Kocin bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya nuna mata da'irar siminti, faɗinta mita 2.135, da katakon da ke gabanta, ya ce, "Bismillah, 'yata, yi yadda kika saba."

Ta juya wa fili baya, ta maƙale ƙarfen a wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, ta rusuna a kan ƙafar dama, ta cilla ta hagu baya. Ni dai na ga abu ya yi kyau. Shi kuwa sai ya tsuguna a gefe, kansa kusan a ƙasa, ya ce ta sake. Nan ya gano matsalar. Tsalle take yi sama maimakon ta zame dab da siminti, kuma kafin ƙafarta ta dira tsakiya ta riga ta waiga tana neman inda za ta jefa. Kafaɗa ta buɗe, ƙugu ya rasa aikin yi, sai hannu kaɗai ya rage.

Ya tuɓe hularsa ya ajiye taku kaɗan a bayan da'irar. "Kada idonki ya bar hular nan sai ƙafar hagu ta taɓa katako." Ya sa ta riƙa barin dunduniyar dama ta zama ta ƙarshe da za ta rabu da ƙasa, ta fizgo ƙafar ƙarƙashin jikinta, ta dira a kan tafin gaba da gwiwa a lanƙwashe. Ya riƙa tafa hannu sau biyu a jere, tas-tas, wato dama da hagu su sauka kusan tare. Da ta ɗan dakata a tsakiya sai ya girgiza kai, don duk saurin da aka tara a nan yake mutuwa.

Da muka fake a inuwa ya ba mu tarihi. Ba'amurke Parry O'Brien ne ya fito da salon juya baya, wato zamiya, a farkon shekarun 1950, ya ci zinaren Olamfik da shi a Helsinki a 1952 da Melbourne a 1956. Ulf Timmermann na Jamus ta Gabas ya kai mita 23.06 da shi a 1988. Yau galibin manyan maza sun koma salon juyi, irin na Ryan Crouser mai mita 23.56. Amma Valerie Adams ta New Zealand da zamiya ta ci zinaren Olamfik a 2008 da 2012, haka Tomasz Majewski na Poland a shekarun biyu.

Ina tare da kocin a kan cewa yaranmu su fara da zamiya. Salon juyi na bukatar siminti mai santsi da koci a kai kullum, abubuwan da yawancin makarantunmu ba su da su, alhali zamiya kan koyu ko a dandaɓe ne da alli.

Bayan la'asar cinyoyinta na rawa, amma ƙarfen ya fara wuce alamar jifanta na tsaye. Kocin ya hana ta awon nisa har sai ƙafafun sun saba, ya ce ta riƙa zamiya hannu wofi kowace safiya, wani ya riƙe mata hannun hagu don kafaɗa ta tsaya a rufe. A hanyar komawa tasha ta dube ni ta ce, "Kawu, kai ne mai riƙe hannun."