Yarinyar da ba ta jin son kowa, da amincin da ya kusa mutuwa

Duk malamin da ya taɓa karɓe salula daga hannun ɗaliba ana cikin darasi ya san abin da ƴaƴanmu suke karantawa. Littattafan soyayya ne. Da can daga Kano ake kawo su, suna yawo hannu zuwa hannu a Maraɗi da Damagaram. Yau ta WhatsApp da Wattpad suke shigowa, shafi-shafi. Tun zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ginshiƙin labarin bai cika sauyawa ba: saurayi da budurwa, sai wani shinge da ya gitta tsakaninsu. Ƙawa kuwa, a yawancin waɗanda na karanta, aikinta biyu ne: ko ƴar aike, ko maciyiyar amana.

Shi ya sa wani littafin matasa na Ingila ya tsaya mini a rai. Sunansa Loveless, wato "marar soyayya", na Alice Oseman, wadda ta rubuta Heartstopper. Ya fito a 2020, ya kuma ci kyautar littafin matasa ta ƙasar a 2021. Tauraruwarsa Georgia, ƴar shekara 18, ta shiga jami'ar Durham tare da aminanta biyu na tun sakandare, Pip da Jason. Ta haddace finafinan soyayya, tana jiran ranar da nata zai zo. Shiru. Ba ta jin sha'awar kowa, namiji ko mace, ba ta kuma jin irin son da ake rerawa a waƙa. Sai daga baya wani ɗalibi da ya girme ta ya sanar da ita cewa akwai masu irin halinta, har suna da suna: aseksuwal. Marubuciyar da kanta ta ce haka take. Wani mai bincike a Kanada, Anthony Bogaert, ya duba amsoshin mutum sama da 18,000 na Birtaniya, ya wallafa a 2004 cewa kusan ɗaya cikin ɗari sun ce ba su taɓa jin sha'awar kowa ba.

Inda littafin ya fi kama ni shi ne ɓarnar da aka yi kafin sunan ya zo. Don ta tabbatar wa kanta lafiyarta lau, Georgia ta amince ta yi soyayya da Jason, alhali shi da gaske yake sonta. Ta mai da amininta abin gwaji. Da ya gane, ya ja baya. Pip ma ta yi fushi, saboda ta ga Rooney, abokiyar ɗakin Georgia wadda ita Pip take so, ta sumbaci Georgia a daren wani biki. Kafin a ankara, ƙungiyar wasan kwaikwayon da suka kafa ta kama hanyar watsewa, yarinya ta wayi gari ba masoyi, ba aminai.

Marubuciyar ba ta wanke ta ba. Ruɗewar da take ciki gaskiya ce, ciwon da ta ji wa Jason ma gaskiya ne, kuma sai da ta nemi gafara. Abin da littattafan soyayya suke ajiyewa don biko, wato zullumi da hana ido barci da babban shiri na ban-haƙuri, nan an kashe shi wajen maido da aminai. Har kan ruwa ta hau cikin kwalekwale don ta lallashi Pip. Littafin ya ɗauki mutuwar ƙawance a matsayin babban rashi, daidai da mutuwar soyayya.

Wannan na sha ganinsa a aji. Ɗaliba ta zube a jarrabawa, uwaye su zo suna tambayata ko saurayi ta yi. In na bi diddigi, sau da yawa sai in tarar aminiyarta ce ta daina yi mata magana tun farkon zango. Ba wanda ya lissafa wannan cikin damuwa. Sai a ce rigimar yara ce, gobe za su shirya. Alhali mu Hausawa mun san darajar aminci: amarya ba ta rasa babbar ƙawa, ango ba ya rasa babban aboki, tsofaffi kuma suna riƙe amincin ƙuruciya har kabari. Littattafanmu na yanzu ne suka rage wa ƙawa matsayi.

Akwai kuma ɗaya yarinyar, wadda in ana hirar samari sai ta yi dariyar yaƙe. Mukan ce kunya ce, mu yaba. In ta kai shekarun aure ba ta sake ba, sai magana ta juya: aljani ya aure ta, an yi mata sammu, a nemo mai ruƙiyya. Cikin littafin akwai wata ƴar'uwar Georgia, Ellis, da ta wuce talatin, uwayenta sun hana ta sakat da zancen miji. Da na karanta wurin, fuskokin da na sani ne suka zo mini. Ba kowace mai gudun zance ce irin Georgia ba. Wata ba ta shirya ba, wata karatu ne gabanta, wata kuma an taɓa cutar da ita tana tsoro, wadda ke buƙatar taimako na gaggawa. Amma dukansu abu ɗaya zai fara yi musu magani: babba ya tambaya, ya saurara, kafin ya yanke hukunci. Matsin lamba shi ne ya tura Georgia ta yi wasa da zuciyar Jason. A wurinmu gwajin ya fi tsada, domin ba a fita shan shayi yake ƙarewa ba. Da aure ake yin sa, kuma rayuka biyu ne a ciki, har da ƴaƴa.

Ba ina cewa a raba littafin a aji ba. An rubuta shi ne don matasan Ingila, akwai shan giya a ciki, akwai soyayya tsakanin mata biyu, abubuwan da yawancin gidajenmu ba za su lamunta ba. Malami ko uba da ke jin Turanci ya karanta da kansa ya auna. Abin da za mu iya ɗauka ba ya buƙatar fassara. In ka ga ɗiyarka da wani littafin soyayya, tambaye ta yaya aka yi da ƙawar tauraruwar, kuma ko an yi mata adalci. In ta ɓata da aminiyarta, zauna da su kamar yadda za ka zauna a sulhun ma'aurata. In kuma ta ce maka ita ba ta jin son kowa, kada ka yi dariya, kada ka yi saurin kiran mai magani. Ka ce mata ka ji, ka bar ƙofa buɗe don ta dawo da sauran maganar.

Marubutanmu kuma, musamman matan da ke rubutu a salula dare da rana, ina roƙonsu littafi ɗaya wanda ƙawa za ta zama mutum mai nata labarin. Allah ya shirya mana zuri'a.