Zafin Tandar Masa A Ma'aunin Yalwa

Baƙon da ya bar Kasuwar Wunti ta Bauci ya kama hanyar Das ba zai jima ba sai ga shi a Yalwa, ɗaya daga harabobin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980. Kafin ya isa zai wuce mata masu tuyar masa, zafin tandarsu yana tashi sama a banza, alhali wutar lantarki tana wuya a gari.

A ɗakin gwajin kimiyya ake gane abin da wannan zafi zai iya bayarwa. Akwai wani ɗan faranti, bai kai tafin hannu ba, wanda in aka gasa fuska ɗaya aka sanyaya ɗayar sai ya haifar da lantarki, bisa sirrin da Bajamushe Seebeck ya gano a 1821. Ɗalibi zai auna zafin da ya shiga da lantarkin da ya fito, ya kwatanta. Da ƙyar akan sami kashi 5 cikin 100.

Tazarar da ke tsakanin fuskokin biyu ita ce ke yin aikin. Don haka farantin zai fi kuzari da asubahin hunturu bisa ga tsakar bazarar Bauci, lokacin da ruwan randa ma ɗumi yake yi.